Shawara a kan shawarma

Wata baiwar Allah daga nan cikin garin Bauchi ta aiko da tambaya. Ta ce: "Anti, ni ma'aikaciya ce, shekarata 34, 'ya'yana uku. Nauyina kilo 86, tsayina mita 1.6. Tun bakwai da rabi nake fita, sai bayan la'asar nake dawowa, don haka kwana biyar a mako abincin rana a waje nake ci. Yau shawarma, gobe mitfai da lemo, jibi soyayyiyar shinkafa da kaza. Na fara zagaye da safe don in rage ƙiba. Dole ne sai na bar waɗannan abubuwan, ko motsa jikin ya isa?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ki rage, kuma ragi na gaske, domin zagayen safe shi kaɗai ba zai iya da wannan abincin ranar ba. Amma kada ki ɗaga hannu ki rantse kin bar shi har abada. Na daɗe ina zama da masu ƙiba da masu ciwon suga a ɗakin ba da shawarar abinci, kuma masu rantsuwar nan su ne suka fi saurin dawo mini da sunkuyar da kai.

Mu fara da inda kike. Ana raba nauyi da tsayi sau tsayi don a san matsayin mutum. Naki, 86 a raba da 2.56, ya ba da kusan 33 da rabi. Daga 25 ake cewa nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma an shiga ƙibar da likita zai sa wa ido. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne, kuma ba wanda ya ce sai kin koma jikinki na budurci. Idan kika sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki, wato tsakanin kilo 4 da kilo 9, hawan jini da sukarin jiki da ciwon gwiwa duk sukan sassauta. A wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, an ɗora mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon suga a kan burin rage kashi 7 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, sai kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58. Kin ga ke nan abin da muke nema ba shi da nisa.

To, ga lissafin abincin ranar naki. Mace irinki mai aikin zama tana buƙatar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 2,000 a yini. Giram ɗaya na sitacin da ke cikin shinkafa ko fulawa, ko na furotin ɗin da ke cikin tsokar nama, kalori 4 yake bayarwa. Giram ɗaya na mai kuwa 9 ne, ya ninka har da ɗori. Babban cokali guda na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Cokalin mayonis, wanda kowa ke ce wa Bama, yana kusa da 100, don shi ma mai ne aka kaɗa da ƙwai. Gobe idan kin je wurin mai shawarma ki tsaya ki zuba wa hannunsa ido. Zai shimfiɗa burodin, wani lokaci biyu, ya lafta Bama, ya zuba nama, ya sa sosej, ya ƙara lafta Bama, sannan ya naɗe. Kabejin da ke ciki, wanda shi ke sa mutum ya ji kamar ya ci ganye, bai cika tafin hannu ba. Kafin ki kai loma ta farko abin ya haura kalori 600. Ki ɗora kwalbar lemo babba ta santilita 50, wajen kalori 200. Cikin minti goma kin ci abin da ya kusa rabin abincin yininki, kuma kafin la'asar cikinki zai sake kiran ciroma.

Zagayen naki kuwa, tafiyar sauri ta rabin awa ga mai nauyinki, tana ƙona abin da bai wuce kalori 150 zuwa 170 ba. Kwalbar lemo ɗaya ta cinye ta har da bashi. Kada ki daina tafiyar, domin zuciya da ƙashi da barci duk suna cin moriyarta, kuma ita ce ke hana nauyin da ya sauka ya dawo. Amma abin da baki ke shigarwa cikin minti biyar, ƙafa ba ta fitar da shi a awa ɗaya.

Wata za ta ce, ai sai in ci kaɗan. Nan ne gizo ke saƙa. Irin wannan abincin an yi shi ne yadda ba ya ciwuwa kaɗan. A 2019 wani mai bincike, Kevin Hall, da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, suka ajiye mutum 20 a wuri ɗaya tsawon mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin da masana'anta ta sarrafa sosai, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga kayan da ba a sarrafa ba. An daidaita abincin biyu a sukari da mai da gishiri, aka ce kowa ya ci iya son ransa. Ba wanda aka ce ya yi ƙiba ko ya rame. A makonnin abincin masana'antar, kowannensu ya riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 a rana, nauyi ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. A makonnin ɗaya abincin kuma kusan kilo ɗayan ya sauka. Mutanen su ne dai, halinsu bai canza ba, kwaɗayinsu bai canza ba. An kuma lura cewa sun fi saurin haɗiye abincin masana'antar.

Wannan saurin shi ne maganar. Ki kwatanta mitfai da dafaffen wake. Mitfai laushi gare shi, fulawa ce da bota, tauna uku ya wuce. Wake da zogale kuwa sai kin tauna, sai ya zauna a ciki, sai hanji ya ɗauki lokaci yana aiki a kansa. Saƙon ƙoshi daga ciki zuwa ƙwaƙwalwa ba nan take yake isa ba, yana ɗaukar mintuna. Abincin da ya riga saƙon isa, kin gama shi kin miƙa hannu ga na biyu kafin jikinki ya ce ya isa. Shi ya sa ba na son jin mace tana zagin kanta wai ba ta da haƙuri. Wanda ya haɗa mai da gishiri da sukari a loma ɗaya ya san abin da yake yi, kasuwarsa yake nema.

Da za a ce in zaɓar miki abu ɗaya tak ki fara da shi, abin sha zan zaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, kusan giram 50 ke nan, ƙaramin cokali 12, kuma ta ce rabin haka ya fi. Babbar kwalbar lemo ɗaya ta riga ta kai giram 50 ɗin. Ga shi kuma ruwa ne, ba ya tare wuri a ciki. Wanda ya sha lemo ba ya rage tuwon dare saboda shi. Kwalba ɗaya kullum a wata ta tara kalori 6,000, kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa wajen 7,700 ne. Yau da gobe ai ita ta sa allura ginin rijiya. Ko gwamnati ta san da zancen, tunda dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, sai dai naira goma ba ta hana kowa shan komai a ƙasar nan.

Kada kuma ki gudu ba ki tsira ba. Maltina da 'yan uwanta, waɗanda muke kai wa mai jego da marar lafiya da sunan ƙarin jini, sukarinsu bai gaza na lemo ba, kuma ba su ne maganin ƙarancin jini ba. Lemon kwali haka. Zoɓon da ake sayarwa a gora, da kunun aya, da kunun zaƙi, ki tambayi mai yi kofi nawa na sukari ta zuba a bokitin, ba za ta faɗa miki ba. Fura da nono abinci ce guda, idan kin sha ta kin ci abincin rana, ba a kora shinkafa da ita. Ruwa ki sha. Idan bakinki ya ƙi, ki dafa zoɓonki a gida da citta da kanumfari da ɓawon abarba, ki bar sukarin, ko ki rage shi kaɗan kaɗan har harshe ya saba. Harshen kan ɗauki ɗan lokaci kafin ya saba.

Yanzu bari in taɓo inda mutane ba sa son a taɓa. Da an ce abincin waje sai hankali ya tafi kan shagunan gilashi na GRA masu kaza da baga da fiza. Alhali namu na gargajiya ma yana sahu. Ni 'yar Bauchi ce, ba za a ji zagin masa a bakina ba, ko a lahira ina son a tashe ni kusa da tanda. Amma kowane gurbi na tandar nan sai an zuba masa mai kafin ƙullun ya sauka, kuma farar shinkafa ce da sukari. Masa biyu ko uku da miyar taushe mai kabewa da ganye, abinci ne mai kyau. Masa bakwai da aka barbaɗa wa sukari aka ƙara kwarara mai da ƙuli, wannan ta fi shawarmar da kike tsoro. Awara waken suya ce, furotin mai kyau da araha, amma tana shan mai kamar soso idan aka tsoma ta a kasko, musamman wadda aka sake tsomawa a ƙwai aka soya karo na biyu. Ƙosai haka, fanke ya fi su duka. Kuma man da mai suya ke juyawa tun safe har dare, ya yi baƙi ya yi kauri, ban da ƙiba akwai wata illar tasa daban ga jijiyoyin jini.

Sai uwa uba, indomi da ƙwai na mai shayi. Wannan na san ta ciki da bai, don ni ma ta taɓa kama ni. Shekarun da nake aikin dare, ƙarfe goma sha ɗaya na yi sai in aika a karɓo mini biyu da ƙwai biyu da Maltina mai sanyi, ina gaya wa kaina ai ban ci tuwo ba. Cikin shekara guda zannuwana suka daina zagayowa, ni da nake koya wa mutane cin abinci. Taliyar nan tun a masana'anta aka soya ta, shi ya sa take nuna cikin minti uku. Ƙaramar leda ta giram 70 ta haura kalori 300, babu kuma babban da ke cin ɗaya. Mai shayi ya ƙara nasa man, ya soya ƙwan a wani man. Garin ɗanɗanon da ke cikin ledar gishiri ne mafi yawansa.

To nawa za ki rage? Kin ce kwana biyar a mako kike ci. Wata na farko ki mayar da shi kwana biyu, ki kuma sa musu rana tun daga farkon mako, misali Laraba da Juma'a, yadda ba yunwa ce za ta zaɓa miki ba. Wata na biyu ki mayar da shi ɗaya. A nan za ki iya tsayawa. Mai cin shawarma sau ɗaya a mako da ruwa, sauran kwanakin tana cin abincin gida da kima, nauyinta zai sauka. Dalilin da na hana ki rantsuwa shi ne na ga yadda take ƙarewa. Mace ta yi kwana goma tana daurewa, ranar sha ɗaya a yi walima a ofis ta ci mitfai guda, sai ta ce ai shi ke nan na karya, ta ci huɗu, ta watsar da komai sai bayan salla. Wadda ta san Juma'a na tafe kuwa tana iya kallon mitfai ɗin Talata ta wuce.

Ranar da za ki ci ɗin ma akwai dabara. Ki ce wa mai shawarma Bama cokali ɗaya, ba sosej, a ƙara kabeji. Zai kalle ki, amma kuɗinki ne. Gasasshiyar kaza ko gasasshen kifi sun fi soyayyu, kuma fatar kazar ki bar ta a faranti. Idan shinkafa ce, fara da miya ta fi soyayyiya, ki raba ta biyu tun kafin ki fara, rabi ya koma gida. Haɗin kabejin da ake ba da shi a gefe, idan fari ne fat da Bama, ba ganye kika ci ba. A wurin mai nama, balangu na tsoka zalla da albasa da tumatir da kabeji ya fi tsiren da aka yi wa wanka da mai, kuma ki ce kada ya sa miki kitse ko da kyauta ne. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: nama kamar tafin hannunki, shinkafa ko tuwo kamar dunƙulen hannunki, ganye kuwa iya yadda kike so.

Babbar matsalarki dai ba shawarma ba ce, ƙarfe ɗayan rana ce. Lokacin yunwa ta taso, ba ki da komai a jaka, shagon yana tsallaken titi. Duk shawarar da ba ta cike wannan gurbin ba, iska ce. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka abincin ranar gobe a daren yau ake haɗa shi. Ki sami ƙaramar kula. Idan ana kwashe abincin dare a ɗebe miki naki. Wake da 'yar shinkafa, alale da dafaffen ƙwai, faten acca da alayyafo irin na mutanenmu na wajen Tafawa Balewa, dambu da zogale, kwaɗon rama da ƙuli kaɗan, ɗanwake da mai cokali ɗaya wanda kika auna da hannunki. Awara ki saya ɗanya ki jefa ta a miya. Ranar Asabar ki leƙa kasuwar Muda Lawal ki ɗebo yalo da kokwamba da karas da gwanda da lemon zaƙi da duk abin da yake yayi, don na yayi ya fi araha. Ki ajiye 'yar gyaɗa a aljihun tebur saboda yunwar la'asar, amma cikin tafin hannu ɗaya, gyaɗa ma mai ce. Idan kika lissafa abin da kike kashewa a shago a wata, za ki ga kular nan ta biya kuɗin kanta tun a makon farko.

Kuma kada ki fita da safe cikinki wayam da sunan rage ƙiba, idan kin san hakan ne ke sa ki afka wa shago da rana ido rufe. Ƙwai biyu dafaffu, ko koko marar sukari da alale, sun isa su riƙe ki. Haka zancen yake ga masu azumin Litinin da Alhamis da na watan Ramadan: ibada ce, ladanta daban, amma wanda ya buɗe baki da soyayyen dankali da ƙosai da fanke da lemo ya mayar da duk abin da yini ya ɗebe. Kin san dai koyarwar da muka tashi da ita ta kasa ciki uku, kashi na abinci, kashi na ruwa, kashi na numfashi.

Wani abu da ke karya wa mata gwiwa shi ne sikeli. Za ki ci abincin shago yau, gobe ki hau ki ga kilo ɗaya ya ƙaru. Wannan ruwa ne. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, kuma abincin waje gishiri da dunƙulen magi ne ƙashin bayansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, ƙaramin cokali ɗaya bai cika ba. Kwana biyu ruwan zai fita. Kusantowar al'ada ma tana yin haka. Ki riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe, kafin ki ci komai, a sikeli ɗaya. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau, kuma bayan 'yan watanni za ta yi sanyi, don jikin da ya ragu buƙatarsa ma ta ragu. Ki ari awon tela ki auna ƙugunki daidai cibiya sau ɗaya a wata. Ga mace, daga santimita 80 haɗari ya fara, daga 88 ya yi yawa. Sau da dama ƙugu kan riga sikeli ba da labari.

Shayin rage teɓa da ake tallatawa a waya, ki riƙe kuɗinki. Da yawansu ganyen filasko ne ko makamancinsa, gudawa suke sa wa da yawan fitsari. Ruwa ya fita, sikeli ya sauka, kitse yana nan inda yake, hanji da ƙoda su sha wahala. Abin da ya kamata ki kashe wa kuɗi shi ne awon jini da awon suga kafin ki yi nisa, tunda nauyinki ya kai inda ya kai. Idan kina allurar tazarar haihuwa ko wani magani na yau da kullum, ki gaya wa likita, don akwai magungunan da ke ƙara nauyi, kuma kada ki daina kowanne da kanki. Idan kina da ciki ko goyo ƙarami, wannan lissafin duk ya canza, sai mun sake zama.

Saura maigida. Ban san naki ba, amma na san ledar tsire da ke shigowa gida ƙarfe goma na dare, da lemo mai sanyi a ɗaya hannun. Ba a ce ki mayar masa da kyautarsa ba, wannan wata rigimar ce. Ki ɗauki yanka uku ko huɗu da albasa, ki tura wa yara sauran, lemon ki ce ya riƙa kawo miki kankana a madadinsa. Idan shi ma tumbin ya fara hana shi ɗaure takalmi, ki ja shi zagayen safen.

Ki sami ƙaramin littafi. Duk ranar da kika ci abincin waje ki rubuta abin da kika ci da abin da kika sha da ƙarfe nawa, ko da kin karya tsarin, musamman ma ranar da kika karya. Bayan mako huɗu ki aiko mini da shi tare da awon ƙugunki na farko da na ƙarshe, sai mu ga ko ƙarfe ɗayan rana ce har yanzu ke kayar da ke ko kuwa goman dare.